Yayana Ashur da Takardar 'Yan Sanda

Yayana Ashur ya iya tuƙi tun gemu bai fito masa ba, amma sai da furfura ta ci rabin kansa kafin ya riƙe lasisin direba. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa, sunana Su'ad, kuma kusan duk abin da zan faɗa a gabana ya faru.

Ƙauyenmu yana bayan garin Zifta. Babanmu yana da 'yar gona a bakin magudanar ruwa da ɓauna biyu na tatsa. Ashur bai taɓa son noma ba. In an aike shi yankan ciyawa, sai a tsince shi a garejin bakin titi, hannu baƙi ƙirin da mai, yana miƙa wa bakanike sifana. Da lokacin aikin soja na dole ya zo, suka gwada shi suka ba shi babbar mota, yana jigilar burodi da ruwa zuwa sansanonin cikin hamada. Ya dawo ya yi baƙi ya murje, yana tafiya kamar ƙasar ta ubansa ce. Wani kamfanin jigila a Tanta ya ce ya kawo takardunsa bayan girbi. An kuma kai zinaren baikonsa gidan wata yarinya, Nadiya, wadda yake wucewa ta ƙofar gidansu sau ba adadi a yini kamar ba wata hanya a garin.

A shekarar ruwa ya yi ƙaranci lokacin shinkafa, aka raba wa kowace gona ranarta. Ranar tamu ce. Mitwalli, ɗan masu gonar da ke jikin tamu, wanda suka yi firamare aji ɗaya da Ashur, ya toshe bakin ruwan da laka ya juya shi wajensu. Baba ya je ya buɗe. Mitwalli ya sake toshewa. Ina tahowa da abincin rana a ka na ji hayaniya, ina isowa na ga Mitwalli ya sa hannu biyu ya hankaɗa Baba. Tsoho ya faɗa cikin laka a zaune, hularsa ta bi ruwa. Ashur yana riƙe da shebur. Sau ɗaya ya kai duka, da ƙotar, ta sami Mitwalli a gefen fuska.

Ashur ɗin ne ya goya shi har bakin titi, shi ya tare mota, shi ya kai shi asibiti. A can 'yan sanda suka same shi zaune a ƙasa, rigarsa duk jini. Idon Mitwalli na hagu ya tafi. Alƙali ya yanke wa yayana shekara uku.

Ba zan daɗe a kan zaman gidan yari ba, don shi ma ba ya son a daɗe a kai. Innarmu ta riƙa zuwa ziyara da shinkafa da kaza a kwano, ta dawo ta kwanta kwana biyu. Gidan su Nadiya suka aiko gwaggonta da zinaren a ƙulle cikin hankici, ta ajiye, ta ƙi ko shan shayi. Da ya fito, dattawa suka zauna a harabar masallaci aka yi sulhu. Baba ya sayar da ɓauna ɗaya da gefen gonar don a sallami gidan su Mitwalli. Aka ce su gaisa, suka gaisa, kowa yana kallon ƙasa. Ban taɓa jin Ashur ya ce Mitwalli ne ya ja wa kansa ba. In wani ya faɗa don ya faranta masa, sai ya ce, “Ture Baba ya yi, Baba ya tashi ya wanke jikinsa. Shi kuwa idonsa bai dawo ba.”

Bayan 'yan watanni ya ce zai nemi lasisin haya, ya koma wa kamfanin nan na Tanta. A wurinmu ba lasisin haya ba kawai, duk wani aiki mai albashi ko tafiya waje sai ka kawo fiish, wato takardar 'yan sanda da ke nuna ko an taɓa yanke maka hukunci. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin 'yan sanda. Suka shafa masa tawada a yatsu goma suka danna a takarda, suka ce ya dawo. Ranar karɓa layi ya yi tsawo. Da ya isa taga, ma'aikacin ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi, kamar mai shela:

“Ashur Abdul-Maujud. Duka da ya bar nakasa, shekara uku. Kai, da wannan za ka je neman aiki?”

Ashur ya ce wata mata da ke bayansa ta janye jakarta ta rungume. Abin da ya fi tsaya masa a rai ke nan, fiye da maganar ma'aikacin. Ya karɓi takardar, ya yayyaga ta a kan gada kafin ya iso gida. Daga ranar bai sake bi ta titin ofishin ba.

Sai ya shiga ayyukan da ba a tambayar takarda. Ya tuƙa taraktar wani attajiri a gonaki. Ya yi shekaru a masana'antar bulo yana jan mota a cikin fili, ba ya fita titi. Da tuk-tuk suka shigo, babura masu ƙafa uku, ya samu guda yana kai mata kasuwa da tsofaffi asibiti. Mutane suka riƙa kiransa Usta, kamar yadda muke ce wa duk wanda ya ƙware a sana'arsa. In motar wani ta ƙi tashi, shi ake nema. In babbar mota ta maƙale a lungu direbanta ya rasa yadda zai yi, Ashur zai hau ya fito da ita da baya, ya sauka ya miƙa makulli ya koma kan tuk-tuk ɗinsa.

Damar fita ta zo masa ba sau ɗaya ba. Mijina Hamdi, da yake aiki a Kuwait, ya samar masa gurbin direba, ya yi ta kira a waya. Ashur ya ce ba ya jure zafin can. Wani kamfanin siminti ya zo neman direbobi, ya ce bayansa na ciwo. Duk mun san ba zafi ba ne, ba baya ba ne. Ba wanda ya faɗa.

Faɗa kuwa ya daina shi ɗungurungum. In yaro ya goge masa tuk-tuk, shi ke ba da haƙuri. Na taɓa ganin wani mai kifi ya zage shi a kasuwa, har da cewa tsohon ɗan kurkuku. Ashur ya mayar da hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya tsaya har mutumin ya gaji. Da muka fito na ce, “Yaya, ko bakinka ba za ka buɗe ba?” Ya ce, “Su'ad, in ni da wani muka shiga caji ofis, kafin a tambayi wa ya fara an riga an san mai laifi.”

Ya yi aure a makare. Bahiyya tela ce, mijinta na fari ya rasu ba su haihu ba, mace mai jiki da murya, in tana ciniki a ƙofar gida ana ji daga masallaci. Ranar da ya je neman aurenta, ko zama bai yi ba ya ce, “Kin san na yi zaman gidan yari?”

Ta ce, “A garin nan akwai wanda bai sani ba? Ni tambayata ɗaya ce, kana shan wani abu?”

Ya ce, “Shayi.”

“To zauna a kawo maka.”

Allah ya ba su 'ya ɗaya, Rihab. Ta yi karatu har ta zama malama a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Zifta, ta wata mata da ake kira Abla Afaf. Rihab ce ta dawo wata rana da labarin cewa direban ƙaramar bas ɗin makarantar ya tafi Saudiyya, kuma Abla Afaf ta ce ba ta son yaro mai kunna kiɗa, dattijo mai sanyi take nema. Akwai albashi, akwai inshorar lafiya. Lokacin Ashur ya haura hamsin da biyar, gwiwoyinsa sun fara ƙara saboda zaman tuk-tuk.

Ya ce, “Allah ya ba su nagari.” Ya ci gaba da cin abincinsa.

Rihab ta ce, “Baba, kai nake nufi.”

“Na ji. Miƙo min gishiri.”

Bayan kwana biyu Bahiyya ta aiko a kira ni. Ta ce katinta na ɗan ƙasa ya ƙare, za ta je sabuntawa a ofishin nan da ake ba da fiish, in raka ta, Ashur zai kai mu. Ya kai mu har bakin titin ofishin ya tsaya nesa, ya ce zai jira a wurin mai shayi. Bahiyya ta sauka, ta dafe ƙugu, ta ce jiri take ji, ya zo ya riƙe ta. Ya riƙe ta har ciki. Muna shiga jirin ya warke. Ta damƙe hannun rigarsa ta ja shi layin masu fiish.

Ya ce a hankali, “Bahiyya, sake ni.”

“Ba zan saka ba. In kana so ka ƙwace, sai dai ka yaga rigar, kuma ni na ɗinka ta.”

“Mutane na kallo.”

“Su kalla. Ko in ɗaga murya in gaya musu mijina katon banza ne mai tsoron takarda?”

“Kin san abin da za ta nuna.”

“Na sani. Ni ma ina so in gani da idona. Sama da shekara ashirin ina zaune da kishiyar da ban taɓa ganin fuskarta ba. In ta fito da abin a jiki, mu kai wa Abla Afaf, ta ce a'a da bakinta, mu dawo gida mu ci abinci. Ba mutuwa za a yi ba.”

Ya dube ni ko zan cece shi. Na ce, “Yaya, ni rakiya na zo.”

Yanzu babu tawada. Gilashi ne ake ɗora yatsu a kai, wata yarinya mai lulluɓi tana duba kwamfuta. Ya sandare yatsunsa har sai da ta ce, “Hajji, saki jikinka, ba allura ba ce.” Aka ɗauki hotonsa, aka ce a dawo.

Ranar karɓa ya ƙi zuwa shi kaɗai, ya kuma ƙi buɗewa a can. Ya kawo ta gida a naɗe, ya ajiye a kan keken ɗinkin Bahiyya ya fita tsakar gida yana wanke tuk-tuk da ba ta yi datti ba. Rihab ta buɗe. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta fita da gudu ba takalmi.

“Baba, babu komai!”

“Kamar yaya babu komai?”

“Ga shi an rubuta, babu wani hukunci a kansa. Ga hotonka, ga sunanka.”

Bahiyya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ashur ya goge hannu ya karɓa ya ƙura mata ido. Ya ce, “Kuskure suka yi. Rufe bakinki, Bahiyya, kada ki tara min jama'a. Gobe za su gane su zo su ce na yi algus.”

Don hankalinsa ya kwanta muka kai shi wurin Lauya Magdi, ɗan maƙwabtanmu da ke da ofis a saman wani kantin magani. Magdi ya duba takardar, ya tambayi shekarar da ya fito, ya tambaya ko an sake kama shi da wani abu. Ashur ya ce ko tarar hanya ba a taɓa yi masa ba.

Magdi ya ce, “To ai daidai ne, Kawu Ashur. Irin hukuncinka, in mutum ya gama ya yi shekara goma sha biyu bai sake ba, doka da kanta take ɗauke shi daga wannan takarda. Kai ai ka wuce nan da jimawa. Da ma ka zo ka shigar da buƙata a kotu, da tun a rabin wannan lokacin an wanke ka.”

Ashur ya ce, “Wato lokacin da Hamdi yake kira daga Kuwait…”

“Wace shekara ce?”

Na faɗa masa shekarar. Magdi ya sunkuyar da kai yana gyara takardun gabansa.

Ashur ya ce, “Wa ya kamata ya gaya min?”

“Ba a aiko wa mutum, Kawu. Sai in ya tambaya.”

Mun zaci murna zai yi. Ya koma gida ya kwanta ya juya wa ɗaki baya. Bahiyya ta yi masa miyar lalo da zomo, abin da ya fi so a duniya, ko kallo bai yi ba. Da na je washegari na same shi zaune a bakin gado. Ya ce, “Su'ad, shekara ukun nan na san dalilinsu, ni na jawo, ban taɓa ƙorafi ba. Amma sauran fa? Ba alƙalin da ya yanke min su. Inna ta rasu tana ce min Allah zai buɗa, ashe a buɗe take ina zaune a bakin ƙofa.” Daga nan ya yi kuka, irin wanda ban gani ba ko ranar da aka tafi da shi. Ban ba shi haƙuri ba, don ban san haƙurin me zan ba shi ba. Na zauna kawai.

Kwana uku yana haka. A na huɗu Bahiyya ta yaye bargon ta ce in makoki yake yi ya faɗa mata wanda ya mutu ta je gaisuwa, in ba haka ba ya tashi ya yi aski. Ya tashi.

Neman lasisin ya ɗauki watanni, da gwajin ido da na jini da zirga-zirga. Ranar gwajin tuƙi duk samari ne sa'o'in 'yarsa, suna ta zolayarsa, “Hajji, jikanka ka rako?” Ya bar su. Da aka zo kansa ya shiga da motar tsakanin robobin da aka jera, da baya, ya fito, ya sauka. Ya kawo lasisin gida a aljihun gaba, yana taɓa wurin lokaci lokaci.

Abla Afaf ta ɗauke shi. Kullum da sassafe yana wanke bas ɗin, ya bi ƙauyuka yana kwasar yara. Ba ya tashi sai kowa ya zauna. Ya san mai amai a mota, ya ajiye shi gaba kusa da taga. Wata biyu ana haka lafiya, har ya fara ƙiba.

Sai wata uwa ta rubuta a zauren waya na iyayen yara cewa ko sun san wanda ke ɗaukar 'ya'yansu tsohon ɗan kurkuku ne, ya taɓa cire wa mutum ido. Matar ɗan Mitwalli ce, 'yarta na aji biyu a makarantar. Kafin azahar magana ta cika gari, har an ƙara cewa da wuƙa ya yi. Rihab ta dawo gida idonta jawur.

Abla Afaf ta kira shi ofis. Ta ce, “Usta Ashur, takardarka tana nan a wurina, fes take. Maganar nan gaskiya ce?”

Ya ce, “Gaskiya ce, ranki ya daɗe. Ba wuƙa ba ce, ƙotar shebur ce. Amma ido ya tafi, kuma ni ne.”

“Me ya sa ba ka gaya min ba?”

“Kin ce in kawo takarda, na kawo. Da kin tambaye ni da na faɗa. Amma ba zan ɓoye miki ba, na yi addu'a kada ki tambaya.”

Ta daɗe tana juya biro a hannu. Ta ce ita ba ta ga aibunsa ba, amma iyaye su ke riƙe da makarantar, wasu har sun ce za su cire 'ya'yansu. Ta ce ya ba ta mako guda ta yi tunani, ya zauna a gida.

A cikin makon ne Mitwalli ya aiko a kira shi. Tun ranar sulhu ba su yi magana ba, in sun haɗu a hanya kowa ya kama gefensa. Mitwalli yana da ɗan kanti a bakin gada, yana sayar da sukari da sabulu da taba. Bahiyya ta ce kada ya je, ya ce zai je. Na bi shi na tsaya a wurin mai tumatir inda nake jin su.

Mitwalli bai miƙa masa hannu ba, ya dai tura masa kujera da ƙafa. Ya tsufa fiye da Ashur, fatar idon ta shige ciki.

Ya ce, “Na ji hukuma ta wanke ka.”

“Haka takarda ta ce.”

“Ni ba wanda ya zo ya tambaye ni.”

“Gaskiyarka.”

“Ka san na samu aiki a ƙasar Urdun shekarar da ka fito? Likita ya rufe min idon dama ya ce in karanta allo. Na ce wane allo. Shi ke nan aka dawo da ni. Tun ranar nake zaune a nan ina auna sukari.”

Ashur ya ce, “Ban sani ba.”

“Ina za ka sani, kana ganina kana tsallaka titi.” Ya kunna taba. “Ba don in ce na yafe na kira ka ba. Ban yafe ba, wataƙila sai a gaban Allah. Na kira ka ne ka sani ba ni na sa yarinyar nan ta yi rubutu ba. Ba ta ma san yadda aka yi ba, ba a haife ta ba. Na gaya wa mijinta ya ce ta goge. In ina da magana da kai, ni zan faɗa maka, ba mata a waya ba. Kuma ni na fara taɓa tsohonku, wannan ma na sani.”

Ashur ya buɗe baki zai yi magana, Mitwalli ya ɗaga hannu. “Tashi ka tafi, kana tare min masu ciniki.” Ba kowa a kantin.

Ta goge rubutun, amma wanda ya karanta ya riga ya karanta. Abla Afaf ta yanke shawarar raba aikin. Ta ɗauki wani ya riƙa kwasar yara, Ashur kuma ta ba shi ɗaukar malamai da ma'aikata da sayayyar makaranta, albashinsa yadda yake. Bahiyya ta ce zalunci ne, za ta je ta faɗa mata. Ashur ya ce ba inda za ta. Ya ce, “In da Rihab ce ƙarama aka ce min haka game da direbanta, ni ma sai na yi tunani.” Amma ya ji zafin abin. Yaron nan mai amai ya riƙa zuwa yana leƙa tagar motarsa a harabar makaranta, Ashur ya ɗaga masa hannu daga nesa, ba ya yarda ya matsa.

Da hutu ya zo, Abla Afaf ta ba shi aron bas ɗin ranar Juma'a ya kai mu bakin teku a Gamasa. Muka cika ta, mu da 'ya'yana da tukwane da kankana. Wannan ne karon farko da ya hau babban titi da lasisinsa. A wani shingen 'yan sanda aka tsayar da mu, ya miƙa lasisi da kati yana murmushi. Jami'in ya tafi da su wurin kwamfuta, ya daɗe, ya dawo ya ce direba ya sauko.

Muka zauna cikin rana muna hangensa tsaye a gefen rumfa, hannayensa a baya. Bahiyya ta sauka duk da an ce kada kowa ya sauka. Ta ce, “Ranka ya daɗe, lafiya? Ga fiish ɗinsa a jakata, kullum da shi nake yawo.”

Jami'in ya ce, “Hajiya, wannan daban, abin da ke cikin na'urarmu daban. Sunansa ya fito da tsohuwar shari'a, dole mu tabbatar ba a nemansa.”

“Shari'ar da ta girmi wancan yaron mai bindiga? In nemansa kuke, ga shi nan kullum a Zifta yana ɗaukar malamai, ba sai kun jira ranar da na dafa kifi ba.”

Jami'in ya yi dariya ba da son ransa ba. Bayan kamar awa guda aka yi waya aka tabbatar, aka miƙo masa takardunsa aka ce Allah ya kiyaye hanya. Ya hau ya tayar da mota. Sai da muka hango ruwa ya ce a yanka kankanar nan kafin ta dahu. Ya shiga teku da wandonsa har gwiwa, Rihab ta watsa masa ruwa, ya kore ta da gudu kamar yaro.

Da muka dawo, washegari da kansa ya hau benen Lauya Magdi, ba wanda ya ja shi. Magdi ya ce wannan wata rajista ce ta daban, goge suna daga cikinta sai an shigar da ƙara, kuma tana ɗaukar lokaci. Ashur ya ce a shigar. Har yanzu ana ta ɗage zaman, shi kuma ba ya fashin zuwa. Yana sa rigarsa mai kyau ya zauna a benci na gaba.

Yana nan yana aikinsa. An yi masa aikin gwiwa ɗaya da katin inshora, yana jiran na ɗayar. Malaman makarantar suna tsoronsa a kan lokaci fiye da yadda suke tsoron Abla Afaf, don in ya yi oda sau biyu ba ka fito ba, ya tafi. Shekaranjiya Rihab ta tsaya neman ɗan kunne, ta fito ta tarar ya ja mota, alhali daga gida ɗaya suka tashi. Ta hau motar haya ta isa a makare. Da yamma ta zo tana mita, Bahiyya na taya ta, wai wane irin uba ne wannan. Ya ce a gida shi ubanta ne, a mota kuwa malama ce kamar sauran, gobe ta nemi ɗan kunnenta tun da dare.